Dokar Dabbobi Masu Tsarki da Tukunyar Kiristocin Gwarzo da Kabo

Dokar da ta raba dabbobi gida biyu, masu tsarki da marasa tsarki, tana wuri biyu a cikin Attaura: sura ta 11 ta Littafin Firistoci da sura ta 14 ta Maimaitawar Shari'a. An ba Isra'ilawa ita cikin shari'ar Musa, kuma har yau Yahudawa masu riƙo da addini da ita suke auna abin da zai shiga tukunyarsu. Kiristoci sun gaji littafin, amma yawancinsu ba su gaji aiki da dokar ba. A ƙasar Gwarzo da Kabo, yammacin Jihar Kano, akwai Hausawa Kiristoci da yawancinsu jikokin Maguzawa ne. Da dokar ta iso gare su ta tarar da wasu dokokin ci guda biyu sun riga ta zama, na gargajiya da na Musulunci, kuma daga haɗuwar ukun ne abin da suke ci da abin da suke ƙi a yau ya fito.

Dabbar tudu alama biyu ake nema a jikinta: kofatonta ya zama rababbe, kuma ta zama mai tuƙa. Saniya da tunkiya da akuya sun cika sharaɗin, haka barewa da danginta na daji, waɗanda Maimaitawar Shari'a ta jera su da na gida suka zama goma. Sai aka kama sunan dabbobi huɗu da ke da alama ɗaya suka rasa ɗayar. Raƙumi da rema da zomo an lasafta su masu tuƙa marasa rababben kofato, alade kuwa kofatonsa rababbe ne amma ba ya tuƙa. Masana dabbobi na yanzu sun nuna cewa zomo da rema ba sa tuƙa irin ta saniya, motsin bakinsu ne ya yi kama da ita. Dokar da idon makiyayi take duban dabba, abin da ya gani a fili shi ne hujjarsa. Duk mai tafiya a kan dagi, kamar kare da kyanwa da kura da zaki, ya fita. Doki da jaki ma sun fita, don kofatonsu dunƙule yake.

Na ruwa sai mai fiffike da ɓawo. Karfasa da giwan ruwa sun shiga, tarwaɗa da kurungu ba su shiga ba, domin fatarsu sumul take. Tsuntsaye ba a ba su alama ba, sunayen kusan ashirin aka jera aka haramta, galibinsu masu cin nama ko mushe: gaggafa, ungulu, shirwa, shaho, hankaka, mujiya, zalɓe, shamuwa, jimina, har da jemage da aka sa a layinsu don yana tashi. Ƙwari masu fiffike duk haram ne, ban da masu dogayen ƙafafun tsalle, wato fara da danginta. Ƙananan masu rarrafe, irin su ɓera da ƙadangare da hawainiya, babu wanda ya tsira a cikinsu.

Akwai kuma hanin da ya shafi dabbar da ta halatta. Ba a cin jini ko kaɗan, domin sura ta 17 ta Littafin Firistoci ta ɗauki jini a matsayin mazaunin rai, wanda aka keɓe don bagade. Ba a cin wasu sassa na kitse. Ba a cin mushe ko abin da naman daji ya kashe. Ba a dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa, kuma daga wannan ne malaman Yahudawa suka fitar da raba nama da madara baki ɗaya. Hanin jini ya girmi Musa a tsarin littafin: a sura ta 9 ta Farawa an yarje wa Nuhu da zuri'arsa cin duk mai motsi, jini kaɗai aka hana su. Wannan bambanci zai yi nauyi daga baya, domin masu fassara za su ce jerin dabbobin na Isra'ila ne, hanin jini kuwa na 'yan Adam ne duka.

Dalilin da littafin ya bayar da kansa guda ne: Allah mai tsarki ne, ya keɓe Isra'ila daga sauran al'ummai, don haka su ma su keɓe dabba daga dabba. Mutane ba su tsaya a nan ba. Filo, wani masani Bayahude na Iskandariya, ya mai da alamomin darasi, ya ce tuƙa maimaita karatu ce, rabuwar kofato kuwa rarrabe nagari da mugu. Musa bin Maimun, malami kuma likita da ya rasu a Masar a 1204, ya kawo hujjar lafiyar jiki da ƙazantar alade. Hujjar lafiya ita ta fi farin jini har yau a bakin masu wa'azi, amma ƙafarta gajera ce. Ba ta bayyana laifin zomo ko raƙumi, waɗanda miliyoyin mutane ke ci lafiya, kuma dokar ba ta ce uffan ba a kan tsire-tsire masu dafi, da su ya kamata a fara in da rigakafin cuta ake nufi. A 1966 Mary Douglas, masaniyar al'adu 'yar Ingila, ta kawo wani bayani: dabbar da ta dace da gidanta sarai, ta tudu ko ta ruwa ko ta sama, ita ce mai tsarki, wadda ta raba ƙafa kuwa an fitar da ita. Ko wanne ne asalin, aikin da dokar ta yi a tarihi a bayyane yake. Ta hana Bayahude cin abinci a akushi ɗaya da wanda ba Bayahude ba. Masu haƙar kufai sun sami ƙasusuwan alade da yawa a tsofaffin biranen Filistiyawa na bakin teku, a ƙauyukan tuddai na Isra'ilawan farko kuwa da ƙyar ake samunsu. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, da sarki Antiyokus na huɗu ya so shafe addinin Yahudawa, tilasta musu cin alade yana cikin makamansa, kuma wasu sun zaɓi mutuwa.

Yesu da almajiransa Yahudawa ne, a cikin wannan doka suka tashi. Sura ta 7 ta Markus ta kawo koyarwarsa cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciya yake fitowa, abinci kuwa ciki yake shiga ya wuce, kuma marubucin ya fahimci maganar a matsayin tsarkake dukan abinci. Duk da haka ikilisiyar farko ba ta saki dokar nan take ba. A sura ta 10 ta Ayyukan Manzanni, Bitrus yana Yafa ya ga wahayin mayafi cike da dabbobi iri-iri, aka ce ya yanka ya ci, ya ƙi, yana mai cewa bai taɓa cin haram ba. Fassarar da shi kansa ya yi wa wahayin a kan mutane ta faɗa: ya tafi Kaisariya ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, ya yi masa baftisma. Daga nan rigimar ta tashi. In al'ummai sun ba da gaskiya, dole ne su yi kaciya su bi shari'ar Musa? Taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49, wanda sura ta 15 ta ba da labarinsa, ya ce ba dole, ya bar musu abu huɗu kawai: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Ba a ambaci alade ko zomo ko kifi ba.

Manzo Bulus ya ƙara buɗe ƙofar, amma ya sa mata sakata ta wani gefe. A Koranti, inda naman kasuwa da yawa daga haikalin gumaka yake fitowa, ya ce mai bi ya sayi nama ba tare da bin diddigi ba, in marar bi ya gayyace shi ya ci abin da aka ajiye masa. Sai dai in wani ya buɗe baki ya ce wannan na hadaya ne, ya janye hannu saboda mai faɗar, kuma kada ya zauna cin abinci a wurin bautar gunki. A sura ta 14 ta Romawa ya hana mai cin komai raina mai ƙamewa, ya hana mai ƙamewa hukunta mai ci, ya ce bai kamata a sa ɗan'uwa tuntuɓe saboda loma ba.

Hanin jini ya daɗe fiye da sauran hane-hanen abinci. Wani taron bishop-bishop a Kustantiniya ya sake jaddada shi a 692, alhali a Afirka ta Arewa tun zamanin malamin ikilisiya Agustin, wanda ya rasu a 430, an fara yi wa masu ƙin cin tsuntsun da ba a zubar da jininsa ba dariya. Malaman Turai, irin su Toma Akwinas, sun kasa shari'ar Musa uku: ta ɗabi'a mai ɗorewa, ta mulkin Isra'ila, da ta ibada wadda ta cika da zuwan Almasihu, suka sa dokar abinci a kashi na ukun. Wannan fahimta ce 'yan mishan suka zo da ita ƙasar Hausa. Ikilisiyar Habasha ba ta bi wannan hanya ba, har yau mabiyanta ba sa cin alade.

A ƙasar Kano, tambayar abinci tun da can a kan yanka take. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ba da labarin yadda mutanen Barbushe ke kai wa Tsumburbura baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru a gindin Dala. Da Wangarawa suka zo zamanin Sarki Yaji, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1349 da 1385, muƙaman da aka raba sun haɗa da liman da ladan da alƙali, sai kuma wani mai suna Auta da aka ɗora wa yankan duk naman da za a ci. Wato tun ranar farko, wuƙa tana cikin abubuwan da suka raba wanda ya musulunta da wanda ya tsaya a kan tsafin kakanni.

Waɗanda suka tsaya ɗin su ne Maguzawa. Bayan jihadin da ya kawar da Sarki Alwali a 1807, an bar su da addininsu a kan su biya jizya, suka ci gaba da zama a manyan gidaje a tsakiyar gonakinsu, nesa da gari, musamman a yammaci da kudancin ƙasar Kano da kudancin Katsina. A fiƙihun Malikiyya an sa su a sahun Majusawa, waɗanda ake zaman amana da su amma ba a cin yankansu. Ga Musulmi, duk dabbar da ba a yanka ta bisa shari'a ba mushe ce, komai lafiyarta, kuma daga nan ne gorin cin mushe da ake yi wa Bamaguje ya samo tushe.

Bamaguje kuwa yana da nasa haram. Kowace zuri'a tana da kan gida da ta gada ta wajen uba, kuma akwai dabba ko tsuntsu ko maciji da 'yan wannan zuri'a ba sa kashewa, ba sa ci, ana tsoron in an karya ciwo ko rashin albarkar gona ya biyo baya. Abin da wannan gida ya ƙi, maƙwabcinsa na iya ci babu komai. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya buga littafinsa a 1946, ya bayyana yadda kowane iska yake da dabbar da ake yanka masa da launinta: wannan jan zakara, wancan baƙar akuya, wani farin rago. Ana yankan a gindin jigo ko tsamiya ko kuka, kafin shuka da bayan girbi, ko lokacin ciwo ko aure. Jinin na iska ne, naman na mutanen gida. Ga manomin da ba ya sayen nama kullum, rabo mai yawa na naman da zai ci a shekara ta wannan hanya yake zuwa, sauran kuma daga farautar rani: zomo, gafiya, bushiya, damo, makwarwa, wani lokaci gada. Sai giyar dawa, wadda babu gayya ko biki ko makoki da ake yi ba ita, kuma mata ne ke dafa ta su sami kuɗin kansu.

Jerin Musulunci gajere ne in an gwada shi da na Attaura. Alƙur'ani, a surorin Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, ya haramta mushe da jini da alade da abin da aka yanka wa wanin Allah, kuma a An'am ya ambaci cewa an ƙara wa Yahudawa wasu hane-hane nasu na daban. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Muhtasar na Halil, sun haramta doki da jaki da alfadari, sun karhanta masu cin nama irin su kura da zaki. Raƙumi halal ne, zomo halal ne, duk abin da ke cikin ruwa halal ne. Wanda ya ce dokar cin Musulmi da ta Attaura ɗaya ce, irin su alade da jini kawai ya duba. Amma wanda ya ajiye jerin Alƙur'ani kusa da abu huɗun taron Urushalima zai ga sun kusa haɗuwa: jini, maƙararriyar dabba, yankan gunki. Alade ne kawai ya rage a tsakani.

Bishara ta makara kafin ta shiga karkarar Kano. Ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya isa birnin a 1900, Sarki Alu ya sallame su. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatinsu ta tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakuna na tsawon shekaru. Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, kuma da shi aka yi aikin fassarar da ta fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka faro a 1893, ba ta sami shiga sosai ba sai a shekarun 1930, ta ƙofar jinyar kutare a Yadakunya, sannan asibitin ido na Kano a 1943. Daga nan tasoshinta suka bazu: makarantar samari a Roni, makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa, makarantar 'yan mata a Kabo. A 1954 ikilisiyoyin da ta haifa suka zama ECWA. Shigar Maguzawa da yawa ta zo ne daga baya, lokacin da zama a kan tsafi ya yi wuya. Yaƙin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a 1963 zuwa 1965, da makarantun boko, da hanyoyin mota, sun sa kowane gida ya zaɓi ɓangare. Da yawa sun musulunta, wasu suka shiga ECWA ko Katolika ko Anglikan, sau da yawa a cikin gida ɗaya.

Bahaushen da ya buɗe sura ta 11 ta Littafin Firistoci ya fi Baturen da ya kawo masa littafin sanin abin da ke ciki. Ya san rema a kan duwatsu, ya ga raƙuma a kasuwa, ya ci fara soyayya da yaji, don haka labarin Yahaya Mai Baftisma da ke cin fara da zuma a jeji bai ba shi mamaki ba. Amma ba a koya masa surar a matsayin doka a kansa ba. Mai bishara ya koyar cewa wannan na tsohon alkawari ne, ya cika. Sabon mai bi bai daina cin zomo ko tarwaɗa ba, babu kuma wanda ya nemi ya daina.

Inda abin ya yi zafi shi ne naman tsafi. Saurayin da ya yi baftisma yana nan a gidan ubansa, gandu ɗaya suke nomawa, tukunya ɗaya ake dafa musu. Ran da maigida ya yanka bunsuru a gindin jigo, naman cikin miyar gida zai shiga. In ya ci, dattawan ikilisiya za su ce ya koma, su sa shi ƙarƙashin horo, su hana shi jibin Ubangiji. In ya ƙi, ya tsame kansa daga kariyar da ake nema wa gidan duka, kuma duk masifar da ta faɗo daga baya, ko ciwon yaro ko ƙarancin dawa, a wuyansa za a rataya ta. Surori na 8 zuwa 10 na wasiƙar farko ga Korantiyawa, waɗanda mai karatu a Turai ke wucewa kamar tsohon labari, a nan maganar tuwon dare ce. Sassaucin da Bulus ya yi na a ci ba tambaya bai yi aiki ba, domin a gidan Bamaguje kowa ya ga inda aka yi yankan. ECWA ta ɗauki tsattsauran matsayi, kuma da wuya a ga yadda za ta yi wani abu daban ta kuma raba mabiyanta da iskoki.

Kan gida ya juya lamarin. A nan ƙin ci ne alamar tsohon addini, ci kuwa shaida ce ta cewa tsoro ya fita. Duk da haka ƙyamar da aka sha da nono ba ta fita da wa'azi ɗaya. Mutum na iya yarda cewa dabbar gidansu ba ta da iko a kansa, hannunsa kuma ya kasa kai ta baki.

Hani mafi tsanani da ikilisiya ta kafa kuwa babu shi a jerin Musa sam. Giya ce. Attaura ba ta haramta ruwan inabi ga kowa ba, firist mai shiga hidima da wanda ya ɗauki wa'adin keɓewa kaɗai ta hana, Sabon Alkawari kuma buguwa ya tsawatar a kai. Amma 'yan mishan na SIM, waɗanda yawancinsu daga Kanada da Amurka da Birtaniya suka fito, 'yan gidan ƙin barasa ne tun daga ƙasashensu, suka kuma tarar giya a nan tana manne da tsafi. Barin sha da barin dafawa ya zama ma'aunin tuba. Matar da ta bar tukunyar burkutu ta bar babbar hanyar samunta, manomin da ya bar ta sai ya nemi wani abin da zai tara 'yan gayya da shi. Katolika ba su tsananta haka ba. Sakamakon da ba a shirya ba shi ne Kirista ɗan ECWA ya matso kusa da Musulmi maƙwabcinsa a fuskar ci da sha: ba giya, ba jini, ba yankan iskoki.

Saura alade. A koyarwa ya halatta, a aikace ba abincin Bahaushe ba ne. Kiwon karkarar Kano awaki ne da tumaki da kaji da zabi da shanun huɗa. An yi gonakin aladu a kewayen birnin Kano a tsakiyar ƙarni na 20, amma waɗanda ba Musulmi ba ne ke tafiyar da su, kuma Legas ake kai kayan. Kiristocin kudancin Kaduna da Filato suna kiwonsa suna ci, wasu Hausawa Kiristoci ma sun koya ta wajen cuɗanya da su. Da yawa kuwa suna ƙinsa, kuma in an tambaye su ba Littafin Firistoci za su fara kawowa ba. Za su ce ƙazami ne, ko ba su saba ba, ko kuma maƙwabta za su daina cin abincin gidansu, su daina aron tukunyarsu. Hujja ta ƙarshen nan ita ce ta sura ta 14 ta Romawa, sai dai wanda ake kiyaye wa zuciya a nan sau da yawa ɗan'uwa ne na jini da ya musulunta. Ga mutanen da ke kiran kansu Masihiyawa, masu dagewa cewa zama Kirista bai cire su daga Hausanci ba, akushin da kowa zai iya sa hannu a ciki yana da daraja fiye da nuna 'yanci.

Masu ɗaukar jerin Musa a matsayin doka mai aiki su ne 'yan Adbentis masu kiyaye Asabar. Sun shigo Nijeriya a 1914, suka kafa tasharsu ta arewa a Jengre a farkon shekarun 1930. Hujjarsu ita ce an san dabba mai tsarki da marar tsarki tun a jirgin Nuhu, inda sura ta 7 ta Farawa ta ce an ɗauki masu tsarki bakwai-bakwai, sauran biyu-biyu, don haka rabon ya girmi Isra'ila. Kuma wahayin Bitrus a kan mutane yake. Sauran ikilisiyoyi suna amsawa da Markus 7 da Farawa 9. Wanda ya bi 'yan Adbentis a wannan yanki ba rashin alade ne zai dame shi ba. Tarwaɗa ce. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga, da babbar madatsar Challawa ta Karaye da aka gama a 1992, sun sa kifi ya yawaita, kiwon tarwaɗa a tafkunan siminti kuma ya ƙara. Mai bin Littafin Firistoci harafi da harafi zai ƙi kifin da Musulmi da Kirista da Bamaguje duk suke ci, ya ƙi kilishin raƙumi, ya ƙi zomon farauta.

A kasuwa kuwa fawa sana'ar gado ce ta Musulmi, ƙarƙashin Sarkin Fawa. Naman da Kirista ke saya a Getso ko Gwarzo ko Kabo, da tsire da balangun da yake ci, duk yankan Musulmi ne da bisimilla, an tsiyaye jininsa, kuma ikilisiyoyi galibi ba sa ɗaukarsa a matsayin yankan gumaka. Naman layya da ake aiko masa ran babbar salla akwai masu tantama a kansa saboda hadaya ce, amma galibi karɓa ake yi a yi godiya. Ta ɗaya gefen ne maganar ta fi sarƙewa. Aya ta 5 ta Ma'ida ta halatta wa Musulmi abincin ma'abota littafi, wanda ke nufin a ƙa'ida yankan ɗan Bamaguje da ya zama Kirista ya sami matsayin da yankan ubansa bai samu ba. A aikace malamai sun saɓa, wasu na tambayar sunan da aka ambata a kan wuƙar, wasu na hana abincin da aka yi don bikin wani addini. Kiristocin karkara sun daɗe da samo hanyarsu, wadda Maguzawa ma suna bi tun da can a bukukuwan da suke gayyatar Musulmi. In za a yanka akuyar suna ko ta aure, ko an haɗa kuɗi an yi watandar sa don Kirsimeti, sai a kira Musulmi ya yanka, don kowa a unguwa ya ci ba shakka. Shari'ar da Jihar Kano ta ƙaddamar a 2000, da Hisba da ta biyo baya, sun matsa wa sayar da giya, amma ba su sauya wannan tsari na nama ba. A Habasha, inda Kiristoci suka riƙe wani ɓangare na dokar Musa, mahautan Kirista daban ne, na Musulmi daban, kuma masu riƙo da addini a kowane ɓangare ba sa cin yankan juna. A kasuwannin Gwarzo da Kabo layin mahauta ɗaya ne.